Takardar da Abba Ya Naɗe Bajiya da Ita

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Abba, mahaifina, ya kwana a ofishin 'yan sanda. Na rubuta ne don idona ya gani, ko zuciyata ta yarda.

Tsoho ɗan shekara saba'in da ɗoriya, wanda tun kafin a haife ni yake soya bajiya, irin ƙosan da ake ci a nan, a ƙofar makarantar gwamnatin da nake koyarwa. Rabin garin nan da bajiyarsa suka girma, har da waɗanda suka zo masa jiya. Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Ina aji shida ina koyar da harshen Gujarati, ban iso ba sai da aka gama. Na tarar da kasko a kife, mai ya malala har kwata, ga takalminsa ƙafa ɗaya.

Laifinsa wai wani ya sayi bajiya, ya warware takardar, sai ga baitoci daga littafin addinin Hindu mai ya jiƙa su sharkaf. Shafi ne daga sabon littafin da aka kawo mana makaranta bana. Nilesh ne ya kai ƙara, shugaban samarin unguwar sama. Yaron da ni na koya wa riƙe fensir.

Abba ko sunansa bai iya karantawa ba. Kowa ya sani, Nilesh ma ya sani.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan azahar

Sun bar ni na gan shi. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma har gwiwar hannu. Na ce me ya sami hannun, ya ce, "Mai ne, Mehrun. Mai soya ai ba ya rasa ƙuna." Shekara nawa yana suya, ban taɓa ganin ƙuna ta wuce ɗan yatsa ba. Ban ƙara tambaya ba.

Shi damuwarsa kasko. "An kai shi gida? Kada ku bar shi da ruwa, zai yi tsatsa."

Can ya matso ya rage murya. "Na duba fa, 'yar nan. Wallahi na duba. Babu hoto a jiki."

Na san ya duba. Tun ina yarinya, in ya sayo tsohuwar takarda wurin mai raddi, wato dillalin tarkacen takarda, sai ya zauna ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Wadda ya ga harafin Larabci a jiki, ya adana a gwangwanin saman kanta. Wadda ya ga hoton abin bautar maƙwabta, ya ware ya miƙa wa mai shayin kusa da shi ya kai kogi bisa al'adarsu. Iyakar iliminsa ke nan, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Wa ya gaya masa yanzu littafin 'yan aji shida ma sai an yi masa wannan tsintar?

Na fito na zauna a kan dakali na yi kuka, na kuma ji haushin kaina da na yi shi a gabansu.

Lahadi, 13 ga Yuli, da yamma

Hanif, mijina, ya ce bakina ne ya jawo. Bai faɗa da faɗa ba, yana gyaran fitilar kekensa ya faɗa, wanda ya fi ciwo.

To bari in rubuta abin da bakin nawa ya ce, don kada gobe a ƙara masa gishiri. Watan jiya shugaban makaranta, Jagdish, wanda muke kira saheb don girmamawa, ya tara mu ya ce umarni ya zo daga sama: za a riƙa rera baitocin a taron safe, a kuma koyar da su a aji. Na ɗaga hannu na ce, "Saheb, makarantar gwamnati ce. Da harajin kowa aka yi rufin nan mai yoyo. Tsarin mulkin Indiya da muke sa yara su haddace farkonsa ai ya raba addini da gwamnati."

Ya ce, "Mehrun-ben, wannan ba addini ba ne, tarbiyya ce."

Na ce, "In tarbiyya ce, me ya sa ake cire takalmi kafin a buɗe shi?"

Malamin lissafi ya ce, "Da naku aka kawo, da yanzu kina rabon alewa."

Na ce ko namu aka kawo haka zan faɗa, har ma in fi ɗaga murya. Yaranmu a ƙasa suke zama, jakunkunansu matashin kai ne, da littafi suke korar ƙuda. Abin da mutum yake sumbata ya ɗora a goshi ba a raba shi kyauta ga yara ɗari-ɗari a ce kowa ya ji da nasa. Ba ni da rigima da littafinsu. Hansa, aminiyata ta shekara ashirin, duk safiya sai ta karanta shi kafin ta sha ruwa, ban taɓa jin komai ba sai girmamawa. Ita ma tana wurin ranar, tana ta gyara bakin sarinta kawai.

Shi ke nan abin da na ce. Yanzu a kasuwa ana cewa 'yar ta zagi littafi da baki, uban ya zage shi da mai.

Litinin, 14 ga Yuli, da safe

Ɗazu dattawan masallacinmu suka zo jaje. Kafin shayi ya huce sun koma shawarar rubuta takarda a nemi a sa namu ayoyin ma a makaranta, a yi raba daidai. Na ce, "Baba, mahaifina yana kulle saboda shafi ɗaya, ku kuma kuna neman a ƙaro shafuka?" Babbansu ya dubi Hanif ya ce ya kamata a riƙa yi wa mata faɗa. Su ma haushinsu nake ji, sosai ma.

Talata, 15 ga Yuli, lokacin tara

Na shiga ɗakin malamai, hira ta mutu. Kofina yana nan inda yake, ba wanda ya zuba min.

A taron safe na tsaya can baya bakina a rufe. Muryar da ta fi kowacce fita a layin 'yan aji huɗu ta Sabiha ce, 'yata. Allah ya ba ta kai, sau biyu ta ji abu ya zauna. Ba ta san don me aka kulle kakanta ba, mun ce mata asibiti yake.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan la'asar

An hana beli. Lauya ya ce gari ya yi zafi, alƙali ba ya son ya zama shi ne ya ƙara itace.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Na je wurin Lalji mai raddi, wanda yake sayen tsohuwar takarda da awo yana sayar wa masu suya. Da ya hango ni ya shige bayan buhuna. Na ce, "Lalji-bhai, ba faɗa na zo ba. Daga ina takardar ta fito?"

Ya yi ta sosa ƙeya. Can ya ce, "Mehrun-ben, kina tambayata kamar baƙuwa. Ina kuke kai tarkacen sitonku duk damina?"

Nan take na gane. Kowace shekara ruwan farko sai ya shiga siton makaranta, a kwashe abin da ya jiƙe, tsofaffin takardun jarrabawa da jaridu, a ɗaure a kira Lalji. Da kuɗin ake sayo ganyen shayi da sukarin ɗakin malamai. Haka muka tarar, haka muke yi, ba wanda ya taɓa kiransa laifi. Bana rarar sababbin littattafan tana cikin siton, ruwa ya cinye bangonsu, aka haɗa da su aka ɗaure.

Na ce zai faɗa a gaban alƙali? Ya haɗa hannu biyu. "Ina da yara, ben. In kin ce na ce, zan ce ban taɓa ganinki ba."

Wato da kuɗin aka sayo shayin da muka yi ta sha satin nan biyu. Har da Jagdish saheb, mai sukari cokali uku.

Na san mai riƙe da makullin sito. Ba zan rubuta sunan ba.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan an tashi

Na shiga ofishin saheb ban yi sallama ba. Na gaya masa abin da na ji, ban ce wa ya gaya min ba. Ko gezau. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Makarantar nan ba ta sayar da komai ba. In wani yaro ya yar da nasa a hanya, wa ya sani?"

Na ce, "Saheb, tsoho ne. Kai ma ka ci bajiyarsa kana ɗan gajeren wando."

Ya ce, "Shi ya sa nake neman mafita, ke kuma kina neman mai laifi. Zauna mana."

Ban zauna ba. Mafitar ita ce, ya yi magana da su Nilesh. Ba tsohon ne damuwarsu ba, ni ce. In na tsaya a taron safe na Asabar mai zuwa, gaban yara da iyaye, na ce na yi kuskure da na ce makaranta ba wurin littafin ba ce, sannan na ja baitocin da bakina yara suna amsawa, za su je su ce an sasanta, ba sa adawa da beli.

Na ce, "Ashe dai addini ne, tunda har tuba ake yi."

Ya ce, "Harshen nan naki, Mehrun-ben. Ki je ki yi tunani."

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Ba zan yi ba.

Litinin, 21 ga Yuli, da yamma

An mai da Abba gidan yarin gunduma. Na kai masa kicri, wato faten shinkafa da wake, da gurasar roti, aka caccaka da cokali kafin a shigar. Tari yake yi, hannun kuma ya fara wari, ta ragar ƙarfe ma na ji. Ya ce kada in ƙara kawo abinci a naɗe da jarida. Na ce Abba ai a kwano yake. Ya ce, "To, na dai faɗa."

A hanya Hanif ya ce, "Maman Sabiha, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki faɗa da baki, Allah ai zuciya yake dubawa."

Na ce, "In na tashi daga durƙuson, da wace fuska zan shiga aji? Akwai yaranmu a ajin nan, akwai 'ya'yan mutanen daji, akwai 'yar Kiristan nan mai zama gaba. Ni kaɗai suka ji ta ce makaranta ta kowa ce."

Ya ce, "Su iyayensu suna gida."

Na kau da kai ina kallon hanya har muka iso. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa.

Talata, 22 ga Yuli, lokacin tara

A akwatin talabijin ɗin mai shayi wasu ƙattai masu tumbi suna ta ihu a kan ko a koyar ko kada a koyar. Ɗaya ya ce gadon ƙasa ne, ɗaya ya ce tsarin mulki. Da an gama za su je su ci abinci tare. Ko ɗaya a cikinsu bai taɓa ganin siton makaranta da damina ba.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Ta zo. Hansa. To, na rubuta.

Ta tsaya a bakin ƙofa da lema, ta kasa shigowa gidan da ta ci abincin salla a cikinsa ya fi a ƙirga. Na ce, "Shigo mana, ko mu ma mun jiƙe ne za a ɗaure mu a sayar?"

Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Ni na ɗaure su, Mehrun. Bangon ya narke, duk sun manne, na zaci takardun jarrabawar bara ne. Ni da ko ƙafata ta taɓa jarida sai na shafa na kai goshi. Tun ranar ban iya buɗe nawa na gida ba."

Na ce, "To ki je ki faɗa. Ke in kin faɗa kuskure ne. Abba ne in ya yi ya zama ganganci."

Ta ce, "Ba ki san su ba? Mijina ya mutu, a gidan surukai nake. Za su ce na sayar da littafin addini na sha shayi. Aiki zai tafi, ɗakin ma zai tafi. Ina zan kai ɗana?"

"Ni ina zan kai ubana?"

Sai ta goge ido ta ce ta ji maganar Asabar. Wai in na yarda, za ta riƙa zuwa tana koya min yadda ake furta baitocin, don in na karkace harafi ɗaya a gabansu za su ce ba'a nake yi, abin ya ƙara lalacewa.

Ka ji fa. Gaskiya ba za ta faɗa ba, amma za ta gyara min lafazi. Na so in kore ta, wallahi na so. Na buɗe baki sai na ji warin hannun Abba a hancina. Na ce ta zo gobe.

Alhamis, 24 ga Yuli, da yamma

Mun zauna a tabarma, ita tana ja ina bi. Malama ce ta gaske, ba zan ci haƙƙinta ba. "Ja wannan, ki danne wancan, harshe ya taɓa ganda." In na yi daidai sai ta manta ta yi murmushi, sai ta tuna ta sunkuyar da kai.

Sabiha ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ammi, ba haka ba ne," ta rera min layin tiryan-tiryan. Hansa ta ce madalla. Na tashi na shiga madafa na yi ta wanke tukunyar da take a wanke.

Na yi sallar magariba na daɗe a zaune. Ban san me zan ce ba. Na ce Ka dai gani.

Juma'a, 25 ga Yuli, da safe

Haushi nake ji. Haushin saheb, haushin Nilesh, haushin Hansa, haushin Lalji, haushin wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya sa hannu bai taɓa tambayar inda littafin yaro yake ƙarewa ba. Haushin rufin sito. Haushin Hanif da ya goge min farin mayafi tun jiya.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Na yi.

Filin ya cika, har kan katanga. Su Nilesh a gaba, kowa ya ɗaga waya. Na cire takalmi na hau dakali. Abin da aka ce in faɗa na faɗa, ba zan sake shi a nan ba. Na ja baitocin, yara suka amsa, ban karkace ko harafi ɗaya ba. Ban dubi layin aji shida ba. Sau ɗaya idona ya kauce, na ga 'yar Kiristan nan mai zama gaba tana kallona, bakinta a buɗe ba ta amsawa. Da ta ga na gan ta sai ta fara amsawa.

Aka yi tafi. Saheb ya yi jawabi a kan haɗin kai.

Sai Nilesh ya hawo dakalin. Na zaci magana zai yi. Ya sunkuya ya taɓa ƙafafuna, yadda ɗalibi yake yi wa malaminsa, ya ce, "Ki sa min albarka, Malama." Kuma hannuna ya tafi kansa. Ban aike shi ba, shekara ashirin ya saba, in yaro ya sunkuya sai ya tafi. Na dafa kan wanda ya kulle ubana, aka ɗauka a waya, aka ƙara tafi. Na tsani hannun nan yau.

A ɗakin malamai an zuba min shayi, har da biskit a gefe. Na bar shi ya huce a wurin.

Talata, 29 ga Yuli, da yamma

An ba da beli. Shari'a tana nan, lauya ya ce za ta yi ta jan ƙafa har a manta. Mun wuce da Abba asibiti kai tsaye. Likita ya ce hannun zai tsira, yatsu biyu ne ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Abba bai san abin da na yi ba. Ya ce, "Kin gani ko, Mehrun? Na ce miki in sun bincika za su gane." Na ce eh, Abba.

Alhamis, 31 ga Yuli, lokacin tara

An sa ni cikin masu jan taron safe, duk Talata. Saheb ya ce lafazina ya fi na wasu da aka haifa a ciki. Yabo yake nufi.

Hansa ta ajiye min kwanon alewar madara a tebur. Na raba wa aji shida.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo da Abba gidanmu har ya warke. Hanif ya goge kasko ya shafa masa mai, ya ce in ya so a sayo farantan ganye, ba sai an yi da takarda ba. Abba ya dubi kaskon kawai. Wuni yake yi a bakin ƙofa a kan kujera. Jiya ya sa an cire kalandar bango, shekaranjiya kwalin magani ya ƙi taɓawa sai da na juye masa ƙwayoyin a murfin kofi.

Yau ana ruwa muka dawo daga makaranta ni da Sabiha. Ta rugo za ta shige, ya miƙa hannun nan mai bandeji ya tare ƙofa.

"Ajiye jakar a waje."

Ta yi dariya, ta zaci wasan jika da kaka ne. "Kaka, ruwa fa ake yi. Za su jiƙe."

Ya ce, "In sun jiƙe a waje, ruwa ne ya jiƙa su. In sun jiƙe a ciki, mu ne."

Na ce, "Abba, littafin lissafi ne da na Gujarati. Ni na duba."

Ya ɗago ya dube ni. "Ni ma na duba, 'yar nan. Kada a ƙara shigo min da rubutu inda nake. Don Allah."

Mutumin da ya tsaya gaban wuta rani da damina don 'yarsa ta zama ta farko da ta iya karatu a zuri'arsu. Sabiha ta juyo tana kallona, tana jira in ce wani abu, tunda ni ce malama. Na zare jakar daga kafaɗarta, na sa ta a buhun shinkafa, na rataye a ƙusar da ke ƙarƙashin rumfa. Tawa ma na rataye kusa da ita. Sai ya janye hannun, muka shiga.

A tsaye nake rubuta wannan a ƙarƙashin rumfar, feshi yana taɓa shafin. In na gama zan sa shi a buhun, shi ma a waje zai kwana.